Wasiƙa daga Garwa: maganar shok ɗin bindigarka

Assalamu alaikum aminina,

Ina fata kana lafiya, ya iyali, ya zafin Njamena? Mu nan Garwa alhamdulillahi, sai dai rana, ka san halinta.

Na ga hoton bindigar da ka turo a WhatsApp, kalibar 12, Allah ya sanya alheri, kuma na ji daɗi da ka ce takardunka sun fito tun kafin ka ɗauko ta. Amma na lura ba irin tsofaffin Baikal ɗinmu ba ce masu baki a haɗe, wannan mai shok ce, ɗan bututun nan da ake murɗawa a cikin bakin bindiga. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka da kyau, don ni wannan ɗan ƙarfen ya ba ni wahalar da ba na so ka sha.

Ka san aikinsa, matse harsasai yake don kar su watse da wuri. Bakin kalibar 12 faɗinsa wajen milimita 18.5 ne, shok mafi matsi kuwa abin da yake ragewa bai fi kamar milimita 1 ba, amma wannan ɗan ragin shi ke sa ka samu zabo daga nesa. In fakara ce da ke tashi fir a gabanka sai ka sa mai ɗan sauƙin matsi. To duk amfanin ya tafi in shok ɗin ya ƙi fita a canja shi.

Nawa ga yadda ya faru. Fitarmu ta ƙarshe kafin a rufe farauta, can wajen Lagdo, ruwan farko ya same mu a hanya, na dawo a gajiye na goge bayan bindigar kawai na mayar da ita kube, ban taɓa shok ɗin ba. Ta kwana a nan duk damina, kai ma ka san danshin bakin kogin Binuwai. Ruwan da ya shige tsakanin haƙoran murɗin ya haɗu da baƙin hayaƙin albarushi, tsatsa ta kama, su biyun suka zama kamar abu ɗaya. Da lokaci ya zagayo na zo canjawa, na sa makullinsa na murɗa, ko motsi. Haushi ya sa na ɗauko kwandalar sefa 100 na kama da filaya na danna da ƙarfi, sai ji na yi ta zame, gefen ɗan tsagin da makulli ke kamawa ya ɓantare. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Wani dattijo mai gyaran bindigogi na kai wa, Allah ya saka masa da alheri. Ya fara buɗe bindigar ya leƙa ya tabbatar babu kartush, wato kwanson da ke ɗauke da harsasai da albarushi, a ciki duk da na ce masa babu, sannan ya cire bututun bindigar daga jikin katakon. Ya samo gwangwani ya zuba kananzir da ɗan man inji, ya tsayar da bututun baki ƙasa har man ya rufe tsawon shok ɗin, ya ce in tafi sai bayan kwana 3. In kana da WD-40 ko wani man da ke ratsa tsatsa shi ma yana yi, abin dai a ba shi lokaci ya shiga.

Ranar da na koma ya shanya bututun a rana tsakar azahar har ya yi zafin da hannu ba ya daɗewa a kai, ya ce zafin na ɗan buɗe ƙarfen waje. Na ce me zai hana mu kai wa mai walda ya hura masa wuta, ya girgiza kai, ya ce wuta na narkar da dalmar da ta riƙe ɗan dogon ƙarfen saiti na saman bututu, kuma tana ɓata ƙarfen kansa. Ya naɗe bututun da fata ya matse shi tsakanin katako biyu, ya ɗan bubbuga gefen bakin da guntun itace, ya zura makulli ya danna shi ciki sosai don kar ya zame. Abin da ya ba ni mamaki, sai da ya ɗan murɗa dama kamar mai ƙara ɗaurewa tukuna ya juyo hagu. Sau uku yana haka, a na huɗu muka ji ƙas, wani jan ruwa mai kauri ya gangaro kan yatsunsa. Shok ɗin dai sai sabo na nema, amma haƙoran cikin bututun sun tsira, kuma su ne masu tsada.

Yanzu duk dawowa daga daji, ko ban yi harbi ba, sai na kwance shi, in wanke haƙoransa da tsohon buroshin haƙori da kananzir, in goge na cikin bututun da tsumma, in shafa giris kaɗan, in mayar. Ɗauri kuma daidai ya zauna kawai, kar ka hau kansa da ƙarfi, gara ka riƙa duba shi a daji in ya saki ka ɗan ƙara. Kada ka taɓa harbi babu shok a ciki, harsasai za su cinye haƙoran. In ka samu kartush mai harsashin ƙarfe maimakon dalma kar ka sa shi a shok mafi matsi sai in an rubuta a jikinsa cewa yana ɗauka, don yana iya kumbura shi ya liƙe. Kuma murɗin ba iri ɗaya ba ne a duk kamfanoni, na Beretta ba ya shiga Browning, ko ka ga kamar zai shiga kar ka tilasta.

Yau ɗin nan ka gwada kwance naka ka faɗa min ko yana juyawa. In babu makulli a kwalin ka turo min sunan kamfanin, zan duba nan in ba wa direba mai zuwa Kuseri, garin da ke tsallaken Njamena, ya kawo maka.

Ka gaida Hajiya da yara, ka ce ina yi musu fatan alheri.

Naka,
amininka na Garwa