Wasiƙa daga Landan: mun je kallon awaki

Landan, daren Lahadi

Assalamu alaikum mutumina,

Na sani, wata huɗu shiru, ba sai ka faɗa ba. Ya Hajiya da ciwon ƙafar? Ya amarya, ko har yanzu ita ke riƙe da makullin mashin ɗin? Akwai alfarmar da zan nema a wurinka, amma bari ka fara jin abin da ya same ni jiya.

Maman Ummi ce ta matsa sai an fita da yara, wai zaman ɗaki ya sa Abba ya fara hawa labule. Muka hau jirgin nan na DLR marar direba, Abba ya kame kujerar gaba yana tuƙi da baki, muka sauka a Mudchute, can gabashin Landan. Gona ce mai faɗin eka 32, mutanen unguwa ne suka hana a gine filin, tun 1977 ake kiwo a ciki. Tumaki na cin ciyawa, ga dogayen benayen bankunan Canary Wharf tsaye a bayansu. Shiga kyauta ne, amma abincin da za ka miƙa wa dabba sai ka saya. Ka ji fa! Ni da Baba ya zane ranar da na bar awaki suka shiga geron maƙwabta, kai kana kan katanga kana dariya, yau ni ne na ciro fam na sayi abinci don in ciyar da akuyar wani. Ban lissafa a naira ba, ina jin tsoron hawan jini.

Abba bai ba ni kunya ba. Ya ga jaki ya ce doki, ko ba komai da Hausa ya yi kuskuren. Da muka isa wurin lama, wata dabbar Kudancin Amurka mai kama da raƙumin da aka manta ba a sa masa tozo ba, ƙin tafiya ya yi. Ɓangaren aladu kuwa maman Ummi ta ja mayafi ta toshe hanci, muka wuce da sauri.

Ummi ce ta tayar min da hankali. Shekararta shida, akuya ta leƙo ta shinge, yarinyar nan ta ƙwalla ihu ta maƙale min a ƙafa. Jikar Sarkin Fawa guda! Da ƙyar ta yarda ta buɗe tafin hannu akuyar ta lashe. Can wajen tumaki, masu gashi buzu-buzu kamar an lulluɓe su da bargo, ta tambaye ni da Turanci wai naman Sallah daga ina yake zuwa. Na nuna mata. Ta yi tsit. Ban ga laifinta ba. A nan doka ba ta yarda a yi yankan layya a gida ba, sai a mayanka mai lasisi. Kuɗi kake ba mahauci, bayan kwana ɗaya ko biyu ka karɓo nama a kwali. Ba ta taɓa ganin an wanke rago ba, balle fiɗa, balle babbakar kai, balle rigimar wa zai ci hanta. Da daddare ta tsince naman miya tsaf ta tura gefe, ta ce na abokinta ne. Uwarta dariya take yi. Ni kuwa har na kwanta abin na cina.

Af, wai da gaske ne Ɗanliti ya sayar da shagon ya shiga siyasa? Mutumin da ko zaɓen monita bai taɓa ci ba?

Na yanke shawara dai, Babbar Sallah a gida za mu yi in Allah ya yarda, ko tikiti zai cinye ni. To ga alfarmar: ka samo min ɗan rago tun yanzu, Balami ko Uda, a ɗaure a gidan Hajiya, kuɗin dusa da harawa a wuyana. Ka riƙa turo hotonsa ta WhatsApp Ummi ta saba da shi. Ko da yake in ta saba da shi da yawa, ranar yanka za a yi kuka. Ka tambayi Hajiya, ita ta san yadda ta yi da mu. Kuma don Allah ban da irin na bara da aka ce iska ta kayar a ƙofar gida.

Abba ya farka yana kukan tunkiya, bari in je kafin maƙwabta su buga bango. A gaida kowa da kowa, kuma ka ce wa Ɗanliti ina bin sa dubu biyar tun kafin ya zama Honarabul.

Naka,
Baban Ummi