Rahoton kwamiti kan jan intanet daga ofis zuwa ɗakin kwamfuta

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da 'yan uwa tsofaffin ɗalibai. Alhamdu lillahi aikin da kuka ɗora mana ya kammala, intanet ya isa ɗakin kwamfuta kuma yara sun fara aiki da shi.

Mutane da dama sun tambaye mu me ya hana a sake jan irin tsohuwar wayar, wato Cat6, maimakon faiba, tunda ta fi araha. To wayar Cat6 jan ƙarfe ne a cikinta, iyakar tafiyarta mita 100, tsakanin ginin nan biyu kuwa ya haura haka shi ya sa kullum netwok yake yankewa, ga tsawa da damina tana bin jan ƙarfe daga wannan gini zuwa wancan, ita ta ƙona mana suwic, akwatin da ke rarraba netwok ga kwamfutoci, bara. Faiba kuwa zaren gilashi ce, haske take ɗauka, babu ruwanta da tsawa.

Matasan unguwa suka haƙa ramin kyauta, Allah ya saka musu da alheri. An zura faibar cikin bututun roba saboda ɓeraye da fartanya sannan aka binne. Kowane gini an kafa masa ɗan akwati guda, kanbata, mai juya saƙon waya ya koma haske.

Nan ne muke roƙon malamai a kula sosai don Allah. Kowace kanbata kafa biyu gare ta. Ta farko RJ45, nan wayar suwic take shiga. Ta biyu ta faiba, tamu SC ce, kan nan mai kusurwa huɗu da ake turawa har a ji ƙas. Akwai wani ƙaramin kai LC mai ɗan maƙalli, wanda aka fi gani a jikin SFP, wato ɗan ƙarfen da ake soka wa suwic don ya karɓi faiba, ba zai shiga tamu ba kada a matsa masa. Faibarmu singul mod ce mai rawayar riga, idan an ga mai ruwan lemo malti mod ce, ba a gauraya su.

Sannan da yake zare ɗaya ne ke kai saƙo ya dawo da shi, kanbatocin namu A da B ne. A tana turawa da haske mai tsawon zango nanomita 1310 tana karɓa da mai 1550, B kuma akasin haka. Duk ranar da ɗaya ta lalace a duba harafin da ke jikinta kafin a tafi kasuwa, in aka haɗa A da A fitilar FX, mai nuna faiba ta haɗu, ba za ta taɓa kamawa ba ko sababbi ne fil.

Kada a lanƙwasa faibar, kada a leƙa bakinta da ido, hasken ba a ganinsa amma yana iya cutarwa. In an cire kai a mayar da murfinsa saboda ƙurar hunturu.

Abin da ya rage shi ne ɗora kanbatar ɗakin kwamfuta kan sola, don yanzu da an ɗauke wuta take mutuwa. Rasit duk suna hannun ma'aji, mai son gani ya zo zama na gaba.