Da wane gurbi Green Bay za ta yi wannan zaɓen?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Baƙon da kuka kawo a shirin wasanni na ranar Asabar ya ɓata mini rai, mai gabatarwa kuma ya fi shi ɓata mini, domin shi ne ya zauna yana ta "haka ne, haka ne" har aka rufe fili. Mutum ya gyara murya ya shaida wa duniya cewa ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Green Bay Packers za ta ɗauki mai cafe ƙwallo (ɗan wasan da ake jefa wa ƙwallo ya cafe) a zagayen farko na zaɓen sabbin 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, da za a yi a Pittsburgh cikin watan Afrilun 2026, har yana cewa a rubuta a ajiye. To, da wane gurbi? A wannan zaɓen ƙungiyoyi bi da bi suke ɗaukar 'yan wasa, zagaye bayan zagaye, kowace a gurbinta. Green Bay ba ta da gurbi a zagayen farko bana, baɗi ma ba ta da shi. Tun ƙarshen watan Agustan 2025 ta tattara su duka biyun, na 2026 da na 2027, ta ɗora ɗan wasanta Kenny Clark a kai, ta miƙa wa Dallas Cowboys domin ta karɓo ɗan baya Micah Parsons, sannan ta ba shi kwantiragin shekara huɗu kan dala miliyan 188. Wannan ciniki ba a ɓoye aka yi shi ba. A nan jihar Wisconsin, yaro da babba, har wanda bai taɓa kallon wasa ba, ya ji labarinsa. Mutum ya sayar da gonarsa tun bazara, ga baƙonku nan yana lissafin damin geron da zai ɗaure da kaka.

Na san wani zai ce ai ƙungiya tana iya yin musaya ta hauro zagayen farko. Tana iya wa. Amma baƙonku bai faɗi haka ba. Da ya ce za su haɗa gurbinsu na zagaye na biyu da wani abu su hauro, da na saurare shi, ko da ban yarda ba. Shi magana ya yi kamar gurbin yana nan a aljihunsu, alamar ko jerin guraben bana bai buɗe ba kafin ya shigo ɗakin watsa shiri.

Abin da ya sa na ɗauki zafi haka, Malam Edita, ɗana ne. A nan aka haife shi, Hausarsa kuma sai a hankali, yana ji amma idan zai mayar sai Turanci ya riga shi fita. Babu dabarar da ban yi ba don ya riƙa sauraron rediyon Hausa, ya ƙi. Da na ji kuna tallar cewa za a taɓo ƙwallon Amurka, kuma ƙungiyarmu ce za a tattauna, sai na ce yau dai na kama shi. Na kira shi daga ɗaki, na ɗora wayar a kan teburin cin abinci, na ƙure murya. Ya zauna da kwanon tuwonsa yana bin maganar daki-daki, ina satar kallonsa ina jin daɗi. Baƙon na faɗin "zagayen farko" sai ya ajiye cokali, ya dube ni, ya ce da 'yar karyayyar Hausarsa, "Baba, ai mun sayar." Ya yi dariya har da buga tebur, ya ɗauki kwanonsa ya koma ɗaki. Ni na san irin wahalar da na sha kafin ya zauna a kujerar nan, kuma ban san da wane baki zan sake kiransa ba.

Ko a ce gurbin yana nan, hujjar da baƙon ya kafa ba ta da tushe. Cewa ya yi tunda bara sun ɗauki mai cafe ƙwallo Matthew Golden a zagayen farko, to al'adarsu ce ke nan. Al'ada? Daga Javon Walker a 2002 sai da aka kai 2025 kafin Green Bay ta sake ɗaukar mai cafe ƙwallo a zagayen farko. Ina wurin a daren, domin a garin Green Bay aka yi zaɓen bara, tafiyar kamar awa biyu a mota daga nan Milwaukee. Muna tsaye a filin da ke jikin Lambeau, filin wasan ƙungiyar, cikin sanyi, jama'a maƙil, ko'ina hulunan soso masu siffar yankan cuku. Da gurbi na 23 ya zo, shugaban ƙungiyar na lokacin, Mark Murphy, ya hau dandamali. Yana ambaton shekarar 2002 filin ya ruɗe, ihu ya hana a ji ƙarshen maganarsa. Wani dattijo Bature da ke gefena, wanda ban taɓa gani ba, ya kama kafaɗata yana jijjiga ni, hawaye na bin gemunsa. Ba a yi wa al'ada irin wannan ihun. An yi shi ne don abin da aka fid da rai da shi ya faru.

Wanda ya san ƙungiyar nan ya san inda take samo masu cafe ƙwallonta: zagaye na biyu. Greg Jennings a 2006, Jordy Nelson a 2008, Randall Cobb a 2011, Davante Adams a 2014, Christian Watson a 2022, Jayden Reed a 2023, duk a nan aka tsinto su. Donald Driver ma sai a zagaye na bakwai aka kira sunansa a 1999, ya zo ya shafe shekaru yana wa ƙungiyar hidima.

Matsalar masu irin wannan hasashe ita ce suna duba abin da ƙungiya ke buƙata yau, su ce shi za ta ɗauka. Green Bay ba haka take tunani ba, kuma daren 23 ga Afrilun 2020 ya isa ya koya wa kowa. Lokacin korona ne, masallatai a rufe, kuma a daren muka fara asham a gida saboda washegari za a tashi da azumi. Kwamishinan NFL, Roger Goodell, daga ɗakin ƙasa na gidansa yake karanto sunaye. A kakar da ta gabata ƙungiyar ta kai wasan da daga shi sai Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, San Francisco ta lallasa ta. Duk mai sharhi a Amurka ya ce abu ɗaya ya rage, a samo wa Aaron Rodgers, mai jefa ƙwallon ƙungiyar na lokacin, wanda zai riƙa cafe masa ƙwallo, ga shi kuwa shekarar ta zo da su birjik, har shida aka kwashe a zagayen farko kaɗai. Mun idar da sallah, na naɗe darduma, na kunna talabijin, sai ga sanarwa cewa Green Bay ta ba Miami gurbin zagaye na huɗu ta hauro daga na 30 zuwa na 26. Maƙwabcina ya bugo mini waya yana murna tun kafin a faɗi suna. Da aka ce Jordan Love, mai jefa ƙwallo, wato wanda zai gaji Rodgers ɗin kansa, sai na ji layin ya yi tsit, can ya kashe wayar ba sallama. A duk zaɓen na shekarar ko mai cafe ƙwallo ɗaya ba su ɗauka ba. Love ya yi shekara uku a benci, daidai yadda Rodgers ya yi uku a bayan Brett Favre bayan janar manaja na lokacin, Ted Thompson, ya ɗauke shi a gurbi na 24 a 2005. Sau biyu ke nan ƙungiya ɗaya tana yin abu ɗaya. Idan al'ada baƙonku yake nema, ga ta nan.

Janar manajan ƙungiyar, Brian Gutekunst, yana kan kujerar tun 2018, kuma sawunsa a fili yake ga mai son bi. Dubi yawancin waɗanda ya ɗauka a zagayen farko: Jaire Alexander, Rashan Gary, Darnell Savage, Eric Stokes, Quay Walker, Devonte Wyatt, Lukas Van Ness. Dukansu 'yan baya ne, masu tsaron gida. Yana son matashi mai jiki da gudu, ko da bai gama gogewa ba, a kawo shi a horar. Yana son tara gurabe da yawa, a 2023 kaɗai 'yan wasa 13 ya ɗauka. Ƙartin gaba masu kare mai jefa ƙwallo kuwa, gidan nan ya daɗe da sanin ba sai an kashe musu babban gurbi ba: Josh Sitton, T.J. Lang, David Bakhtiari da Zach Tom duk a zagaye na huɗu aka same su.

Ga kuma batun kuɗi, wanda baƙonku ko hanyarsa bai bi ba. NFL tana da iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta kashe, ba kamar Firimiya ba inda mai kuɗi ke saye son ransa. Love yana kan dala miliyan 220 na shekara huɗu, ga na Parsons a kai. Mutum biyu sun cinye kaso mai tsoka, dole sauran gurabe a cike su da sabbin yara masu arha. Saboda haka ni hasashena, tunda shi ya yi nasa a bainar jama'a: daren Alhamis, wato daren zagayen farko, Green Bay za ta yi zaman 'yan kallo. Ranar Juma'a, a zagaye na biyu, za ta nemi ɗan baya, ko mai tsare masu cafe ƙwallo tunda Alexander ya bar gidan, ko ƙato na tsakiya da zai toshe gibin da Kenny Clark ya bari. Ba zan yi mamaki ba idan Gutekunst ya ma ja da baya ya karɓi ƙarin gurabe. Ranar Asabar kuma ku sa ido a zagaye na huɗu, za ku ga an kira ƙaton gaba. Nawa hasashen yana iya faɗuwa, amma aƙalla a kan guraben da suke da su na gina shi.

Ku fa sani akwai masu bin wasan nan cikin masu sauraronku. Muna nan a Milwaukee da Chicago da New York, 'yan Kano da 'yan Maraɗi da 'yan zangon Kumasi, kuma 'ya'yanmu sun fi mu saninsa. 'Yan asalin Najeriya ma ba baƙi ba ne a ƙungiyar nan, Kabeer Gbaja-Biamila da aka ɗauka a zagaye na biyar a 2000 ya yi shekaru yana riƙe da tarihinta na kayar da masu jefa ƙwallo. Da a ce baƙon nan cewa ya yi Arsenal za ta buga da ɗan wasan da ta sayar tun bara, da kafin ya rufe baki wayoyinku sun ɗau ruri, kuma da mai gabatarwa ya katse shi nan take. Amma da yake ƙwallon Amurka ne, an ɗauka babu mai ganewa, kowa ya zo ya yi shaci-faɗinsa ya karɓi godiya ya tafi.

Sannan don Allah ku yi wa mai kula da na'ura magana kan kiɗan da yake sawa a ƙarƙashin murya lokacin karanta sakamakon wasanni. Ya yi ƙara ƙwarai. Ni a mota nake yawan saurarenku, kuma sau da dama sai in ji sunan ƙungiya, adadin ƙwallayen kuma ganga ta haɗiye shi. Makon jiya sakamakon wasan Kano Pillars sai da na tambaya a WhatsApp.

Abin da nake nema bai da yawa. A shirin Asabar mai zuwa, mai gabatarwa ya faɗa da bakinsa cewa Green Bay ba ta da gurbi a zagayen farko na 2026 da 2027, kuma ta miƙa su ga Dallas. Idan za ku sake gayyato baƙon nan kafin Afrilu, ku buga masa jerin guraben ƙungiyoyi 32 a takarda, ku ajiye masa a gabansa kafin a kunna makirufo.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Milwaukee, jihar Wisconsin, Amurka