Haɗin maganin gajiya ya kusa huda mini ciki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu fama da gyambon ciki, wato olsa.

Ni tela ne a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Na yi shekara shida ƙahon zuciyata na ci da wuta. Kowa na gaya wa sai ya ce yunwa ce. Na sha madarar gwangwani, na sha ruwan kanwa, ciwon ya lafa na ɗan lokaci, can tsakar dare ya sake tashe ni. Ban taɓa zargin ƙwayoyin da nake sha ba. Idan ɗinkin Sallah ya taru mukan kwana a kan keke, baya ya riƙe, sai in aiki yaro kemis ya karɓo mini haɗi, ƙwaya huɗu ko biyar ƙulle a leda, ba kwali ba suna. In kora da shayi, ciki ba komai.

Bara, gab da Babbar Sallah, bayan gidana ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ga jiri. A asibiti likita ya ce jini ne ke zuba daga gyambon. Tambayarsa ta farko ita ce wane maganin ciwon jiki nake sha. Ashe irin su diclofenac da ibuprofen da aspirin suna raunana rigar da ke kare bangon ciki. Gwajin bayan gida kuma ya nuna ina ɗauke da ƙwayar cutar Helicobacter pylori mai haddasa gyambon ciki, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya suka gano a 1982, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Wallahi na yi baƙin cikin shekarun da na ɓata ina ɗora wa yunwa laifi.

An rubuta mini magani na kwana 14. A kwana na huɗu na ji garau, amma na shanye shi tas, don likita ya ja mini kunne cewa yanke shi a tsakiya na sa ƙwayar cutar ta daina jin magani. Omeprazole kuwa, wato maganin rage asid ɗin ciki, rabin awa kafin karin kumallo nake sha. Madarar da na dogara da ita, daga baya ƙara tsatso asid take yi. Na bar sigari. Yaji ba shi ke kawo gyambo ba, sai dai ni yana tayar mini da shi, shi ya sa ko tsire na saya nakan ce a rage. In baya ya matsa, paracetamol kawai, sannan in miƙe in ɗan taka.

Roƙona ga masu kemis, don Allah kafin ku ƙulla wa mutum haɗi ku tambaye shi ko yana da olsa, ku kuma ba shi magani a kwalinsa. Duk wanda ya ga baƙin bayan gida ko ya yi aman jini, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙa kanwa.

Na gode.

Wani tela,
Ƙofar Ƙaura, Katsina