Bakaniken da ya ci tseren mota aka hana shi kofi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni bakanike ne a Tudun Wadan Zariya. Don Allah shafinku na wasanni ya ɗan huta da ƙwallon ƙafa ko sau ɗaya, ya kawo labarin Wendell Scott. Ɗana ne ya nuna mini shi a waya, har na ajiye sifana na zauna.

Baƙar fata ne daga garin Danville na Amurka. Tasi ya fara ja, ya yi kanikanci a soja, sannan ya shiga NASCAR, wata babbar gasar tseren motoci ta Amurka. Motarsa mai lamba 34 ta hannu ce, shi ke gyara abarsa, 'ya'yansa ke canza masa taya. Duk wanda ya taɓa wuni a ƙarƙashin mota ya san wannan wahala.

A Disamban 1963 ya zo na ɗaya a tseren da aka yi a garin Jacksonville, amma aka miƙa kofin ga farar fatar da ke bayansa. Sai da jama'a suka watse aka ce ai shi ne ya ci. Ya rasu a 1990 kofin bai shiga hannunsa ba. Iyalansa aka ba wani a 2021.

Naku,
Wani bakanike,
Tudun Wada, Zariya