A daina mayar da magudanan ruwan Kano juji

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan magudanan ruwa a birnin Kano.

An gina lambatu ne domin ruwan sama, amma yau har baƙin man gareji da ruwan rini da na masai ake juyewa ciki, galibi da daddare. Hadari na haɗuwa kuma sai ka ga an aiko yara da kwandon shara, wai ruwa zai tafi da ita. Ina zai kai ta? Kogin Jakara zai kai ta, ya haɗu da dagwalon masana'antun Bompai da ke bin rafin Getsi, su zarce madatsar Wasai. Da wannan ruwan ake ban-ruwan latas da kabejin da muke saye a kasuwa.

Tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata ba ta isa ba. Ina kira ga Ma'aikatar Muhalli da hukumar kwashe shara ta REMASAB su dawo da duba-gari unguwa-unguwa tare da masu unguwanni, a ci tarar duk wanda ya jona bututun masai da kwata, kuma a yashe magudanai kafin damina ta kankama a watan Yuni.

Naka,
Wani mai karatu daga Fagge, Kano