Masu Farfaɗo da Tsofaffin Jiragen Ruwa na Katako Sun Cancanci Yabo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan masu gyara tsofaffin ƙananan jiragen ruwa na katako masu inji a kogin Tems na Ingila.

Wasu daga cikin jiragen nan sun tsallaka teku a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka taimaka wajen kwashe sojoji sama da 338,000 daga Dunkirk ta Faransa, kuma a 1966 aka kafa ƙungiyar masu su domin kada jiragen su salwanta. Mallakar irin wannan jirgi ba ƙaramin nauyi ba ne. Ruwan saman da ke kwanciya a cikinsa yana ruɓar da haƙarƙarinsa, sai kafinta ya cire wanda ya lalace, ya turara sabon katako har ya yi laushi ya lanƙwasu, sannan ya ɗaure shi da ƙusoshin jan ƙarfe waɗanda ba sa tsatsa. Bayan haka a goge jikin jirgin da sanfefa, a shafa banish shafi bayan shafi, kuma sau da yawa kuɗin gyara yakan zarce kuɗin saye.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, cikin katakon da ake wannan aiki da shi har da mahogani na Afirka ta Yamma, ɗan'uwan maɗacinmu. Mu ma muna da masu irin wannan sana'a, don haka ina kira ga hukumomin adana kayan tarihi da su nemi tsofaffin masassaƙan kwale-kwale na Yawuri da Lakwaja, su rubuta iliminsu tun suna raye.

Naka,
Mai karatu daga Yawuri